Gemun Ƙarya da Hijabin Hafsat

Lahadi da dare, unguwar Parkchester

Yau dabarata ta ci. 'Yarmu Hafsat ta daɗe tana roƙon Malam, Abbanta, ya bar ta ta buga kurket, wasan ƙwallon da ake bugawa da sanda, da yaran 'yan Bangladesh na unguwarmu, shi kuwa ya kafe wai duk maza ne. Ni na san lagonsa, fim ɗin Indiya. Bayan isha'i na kunna mana wanda yarinya ta manna gemun ƙarya don ta shiga ƙungiyar kurket ta maza. Da asirinta ya tonu aka kore ta, sai ga Malam yana share ido da hula.

Ya ce, "Hafsat, ke ba sai kin sa gemu ba. Ranar Asabar da kaina zan kai ki, da hijabinki."

Ga ta can a falo tana gwada bugu da muciyata.