Motar Baba Ta Daina Ƙara

Ƙofar Gayan, Zariya.

Zuwa ga Yaya Abdulwahab,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Radiya da yara a can Fatakwal. Allah ya tsare ku, ya ƙara buɗi. Mu nan alhamdu lillahi, sai dai idanun Iya sun ƙarasa rufewa, yanzu ko hasken taga da ƙyar take ganewa.

Maganar motar Baba ce, Allah ya jiƙansa, ta sa na rubuto. Ka san ƙaninmu Umair da ita yake zuwa aiki Samaru, har tsadar fetur ta nemi ta gagare shi. Don kada motar ta bar gidan, sai ya kai ta garejin wani abokinsa, suka sauke injin, suka sa mata batura da injin lantarki. Yanzu caji kawai yake mata, ta kai shi ta dawo da shi, ba hayaƙi ba ƙara.

Ranar da ya ɗauko ta, ya shiga ɗakin Iya cike da murna ya gaishe ta, sai ta razana, ta tambaye shi yaushe ya iso ba ta ji mota ba. Da ya yi mata bayani, sai ta fashe da kuka. Ashe tun rasuwar Baba, kullum bayan la'asar takan kasa kunne, in ta ji gurnanin injin nan a bakin lungu, sai ta ji kamar mai gidanta ne ya dawo daga kasuwa. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Ta ce ba ta ga laifin Umair ba, amma ranar ce ta tabbatar Baba ya tafi.

Washegari Umair ya koma a mayar da injin, ya tarar an riga an ba 'yan gwangwan, sun farfasa shi. Tun daga nan ba ya cin abincin kirki, kuma yana gudun ɗakin Iya. Don Allah Yaya ka kira shi, kai yake jin maganarka. Jiya Iya ta ce in gaya masa ya daina ɓoye mata. In ya dawo, ya ɗaga murya ya yi sallama tun daga zaure, ita dai ta ji wani nata ya shigo gida.

Iya tana sa muku albarka, Kawu Garba ma yana gaisuwa. A gaida Anti Radiya, a shafa mini kan Salma da Bashir.

Ƙanwarka,
Munira