Kyamarata Tana Dishi-dishi

Litinin, 2 ga Satumba, 2013
Kyamara ta fara iya shege. Duk hoton da na ɗauka, in na duba allon baya sai in gan shi dishi-dishi. Ga shi Malam Muhammadu Lawal ya ba ni aikin walimar sauka a Islamiyyarsu ta Roni, ranar Asabar mai zuwa. In na ɓata wannan, an gama kirana Roni, yaran nan masu waya za su gaje ni.

Talata, 3 ga Satumba
Danshin damina ne, na tabbata. Na cire batir da memori, na binne ta cikin kwanon shinkafa. Matata Saude ta ce, "Malam, ita ma tuwo za ta ci?" Ban kula ta ba.

Laraba, 4 ga Satumba
Shinkafa ba ta yi komai ba.

Alhamis, 5 ga Satumba
Na goge gilashin gaba da auduga da sifirit. Na canja batir. Na mayar da saitin yadda ya zo daga kamfani. Duk ɗaya. Da rana na kwance bayanta da kaina, wata 'yar kusa ta faɗi kan tabarma, na yi ta lalube har gwiwata ta yi ciwo. Saude na shigowa ta tsince ta daga tsaye. Haushi ya kama ni, ban san dalili ba.

Juma'a, 6 ga Satumba
Bayan masallaci na kai ta wurin Nicodemus, mai gyaran waya da rediyo a bakin tashar Kazaure. Ya buɗe, ya hura, ya gwada gilashin yana fita yana komawa lafiya lau. Ya ɗauki hoton mai rake a tsallaken titi, ya jawo shi kusa.
"Malam Rilwanu, ai har gaɓoɓin raken ina gani."
Na karɓa na duba. Dishi-dishi. Na miƙar da hannu nesa, ya ɗan washe. Yana kallona.
"Yaya kake karanta saƙo a waya?"
Na ce masa kyamara na kawo gyara. Ya ɗaure kusoshin kyamarar, sannan ya cire tabaraunsa na aiki ya jefa min a aljihu. Wai in riƙe masa zuwa Litinin. Mutumin nan akwai shisshigi.
Shekarata arba'in da takwas kacal. Tsoro nake ji, bari in faɗa tunda babu mai karanta littafin nan.

Asabar, 7 ga Satumba
Roni, a kan acaɓa. An yi yayyafi a hanya, na sa kyamara cikin leda. Tabarau na aljihu har aka fara karatu. Da 'yan sauka suka jeru da allunansu na zaga bayan wata darbejiya na saka. An ɗauki hotuna. Malam Muhammadu Lawal ya duba ya ce madalla, akwai wata walimar bayan Sallah.

Lahadi, 8 ga Satumba
Kyamara ta warke, wataƙila hurawar da Nicodemus ya yi ce.
Da safe na manta tabarau a fuskata, Saude ta kawo koko ta durƙusa dab da ni. Ashe ta yi furfura a goshi, da yawa ma. Ban san yaushe ba. Na daɗe ina kallonta har ta ce, "Lafiya, Malam?"
Na ce kokon ne da zafi.