Langar Inna Za Ta Jidda

Gude, ƙasar Kabo,
Cikin watan Sha'aban.

Zuwa ga ƙanena Datti,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Sauda da yara. Allah ya ƙara buɗi a shagon ɗinkinka na Jidda, ya kiyaye maka idonka da gadon bayanka, ya nuna mana azumi lafiya. Mu nan ƙalau muke, sai abin da ba a rasa ba. Baban Badi'a ya dawo daga Legas, shanun sun sayu amma kuɗin mota ya lashe ribar, tun da aka cire tallafin man nan kowa tafiyarsa ta koma haka. Badi'a tana nan tana ta tsawo kamar rake. Akuyar da ka bar mini amana ta haifi biyu, kuma kada ka tambaye ni ina ɗayan, mun gaisa da shi a cikin miya.

Na san za ka ce me ya mayar da Yaya Zinnira zamanin gidan waya. Ai kai ne, in saƙon murya ya ɗan yi tsawo ba ka saurara, sai ka turo mini hoton babban yatsa, na san halinka tun kana yawo ba wando. Maganar kuwa doguwa ce. Ka dame ni da tambayar abin da ya sa Inna ba ta karɓar wayarka, kullum ka kira sai a ce maka tana alwala. To alwalar da aka ce Inna ta yi a watan nan ta ishi Unguwar Tudu gaba ɗaya. Ba ƙafar ba ce, ba kuma hawan jinin ba ne. Fushi take yi da kai, fushi na gaske, kuma ka lura ranar da kuka yi magana ta ƙarshe ba ta rufe da sa maka albarka ba kamar yadda ta saba.

Bari in tuna maka. Ranar ina gidan, ni na miƙa mata wayar. Ka ba ta labarin maƙwabcin shagonka, Bafalasɗinen nan mai gasa burodi, Abu Samir, wanda Inna take kira Baban Samiru. Ka ce bam ya faɗa gidansu a Gaza, ya rasa mahaifiyarsa da ƙanensa da 'ya'yan ƙanen. Inna ta yi salati, ta yi kuka, sannan ta tambaye ka me Sauda ta dafa aka kai musu. Kai kuma da bakinka ka ce ka shiga ka yi masa ta'aziyya da Larabci mai kyau, wai su Larabawa al'adarsu daban. Datti, Larabci mai kyau! Inna ta miƙo mini wayar da yatsa biyu kamar ta ɗauko mataccen ɓera. Bayan ka kashe ta ce ita dai ba ta haifi ɗan da za a yi rasuwa katanga ɗaya da shi ya shiga hannu rabbana ba, kuma Larabci ba ya shiga ciki.

Ka fi ni sanin Inna da gidan rasuwa. A wurinta gidan da aka yi mutuwa ba a hura wuta, maƙwabta ne za su ciyar da su har a watse. Ka kuma san langarta, jar nan mai furanni wadda gefen murfinta ya ɓantare. Babu gidan da aka yi rashi a Unguwar Tudu da langar nan ba ta shiga ba tun kafin a haife ka. Ka san kuma sharaɗinta: a ci, a wanke, a dawo mata da abarta da murfinta. Ba ita ce ta taka har Dugabau da ƙafa a tsakiyar damina ba, saboda wata baƙuwa ta haɗa da langar cikin kayanta? Ita da Gwaggo ta Kabo kuwa sallah nawa suka yi ba sa gaisawa a kan murfin nan? Ko ni da ta haifa, ranar da na ara don sunan Badi'a, kafin a yanka rago ta aiko a karɓa.

To ana cikin haka sai ta ga hoton Gaza a wayata, yara sun yi layi kowa da abin da ya miƙa, wani tukunya, wani gwangwani, wani robar fenti. Ta sa na maimaita mata har cajin ya ƙare. Sai ta tambaye ni su waye maƙwabtan mutanen nan da suka bar su haka. Na fara yi mata bayanin ƙasashe da iyakoki irin yadda nake yi wa 'yan aji shida, ta katse ni ta ce tsakanin mu da kai wa ya fi kusa da su. Na ce kai ne. Ta ce to shi ke nan, ashe ɗanta ne maƙwabcin. Na ce Inna, daga Jidda zuwa can ya fi nan da Legas nisa. Ta dube ni sheƙeƙe ta ce Legas ɗin da mijina yake zuwa duk wata da shanu a mota? Na ce akwai yaƙi, an rufe hanya. Ta ce ai mai kai abinci gidan rasuwa ba a tare shi, ko ɗan fashi ya san wannan. Gaskiya ban san da wane bakin zan gaya mata cewa a can ana tarewa ba.

Kafin in koma Gwarzo wurinta a mako na gaba, Inna ta riga ta aika gida-gida. Ita da aminiyarta Uwaliya suka tara matan unguwa, aka ce kowa ta kawo abin da ta samu. Datti, ka san halin da ake ciki. Gidajen da a da suke ba kaji tsaki yanzu afafata suke dafawa, shinkafar nan da a da ko kallonta ba a yi. Amma wallahi sai ga mata da ƙwarya, wannan gero, wannan dawa, wannan busasshiyar kuɓewa. Uwaliya ta juye ɗan waken da ta ɓoye don ƙosan azumi, ta ce bana a sha kunu haka nan. Wata tsohuwa da ba ta da komai ta kawo kanwa a ƙulle a bakin zane, ta ce wake ba ya dahuwa sai da ita. Na shiga ɗakin Inna na share hawaye na fito, don kada a ce malamar makaranta ta fiye raki.

Sai Inna ta ce ba a kai wa mai makoki tsaba, ina ya ga ƙarfin surfe? Aka fito da turame aka jera a tsakar gida. Ka san mata in sun haɗu a kan turmi, tun ana daka na hankali har aka koma lugude, ana jefa taɓarya sama ana tafawa, wata ma ta saki guɗa. Malam Baƙo, wanda tun shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ya naɗa kansa mai hana kiɗa a unguwar ba tare da kowa ya sa shi ba, yana zaune a ƙofar masallaci ya jiyo. Ya taho da sauri har yana tuntuɓe da babbar riga, ya tsaya a zaure yana ta sallama da ƙarfi, yana cewa a ji tsoron Allah, ana kashe Musulmi a Falasɗinu ku kuna nan kuna biki da kalangu. Inna ta yafa mayafi ta fito da taɓarya a hannu. Ta ce masa ga kalangun, in ya iya ya karɓa ya taya su, don na Falasɗinun ake dakawa. Bawan Allah ya rasa inda zai sa fuskarsa. Ƙarshe shi ya nemo buhuna, shi ya ɗinke bakinsu, har ya aika gidansa aka kawo gyaɗa.

Saura mai ɗauka. Inna ta ji Alhaji Musbahu na bakin kasuwa zai tafi Umarar azumi, ta aika masa cewa tana da ɗan saƙo zuwa wurinka. Ya zo da fara'arsa yana zaton ƙullin yaji ne, sai ya tarar da buhuna jingine a zaure har sun tare hanya. Ya cire hula ya share gumi, ya ce Inna jirgi fa ba motar Kano ba ce, awo ake yi. Ta ce a ɗaura a sama. Ya ce ba a ɗaura kaya a saman jirgi. Ta ce to ya rage nasa kayan, mai zuwa ɗakin Allah me zai yi da akwati, ba zane biyu ake ɗaurawa ba? Na juya baya ina dariya har cikina ya ƙulle, Alhaji kuwa sai kallona yake in cece shi.

Malam Baƙo ne ya raba gardamar, Allah ya saka masa. Ya zauna daga bakin zaure ya yi wa Inna bayani a hankali, cewa ko kai ba ka isa ka shiga Gaza ba, amma akwai kwamiti a masallacin Juma'a da yake tara gudummawa ana aikawa ta hannun masu kai agaji. Ya ce a sayar da kayan ranar kasuwa a miƙa musu. Inna ta daɗe ba ta yarda ba. Ta ce ita ba ta ga yadda tuwo zai bi ta cikin waya ba, kuma kuɗi ba su da murfi balle a san an buɗe an ci. Sai da Uwaliya ta ce mata garin zai yi tsutsa kafin a gama musu, sannan ta sauko. An sayar, an kai, Malam da kansa ya raka. Masu sayen ma da suka ji na mene ne ba su yi ciniki ba, abin da ban taɓa gani ba a kasuwar Gwarzo.

Tun ranar nake ta tunani a kan babur in zan koma Gude. Kullum muna cikin ƙorafin mudu ya tashi, albashi ba ya kai tsakiyar wata, kuma gaskiya ne, ba daɗi muke ji ba. Amma in na rufe ƙofa na ƙirga 'ya'yana sun cika, rufin ɗaki yana nan inda na bar shi da safe. Ban san ko abin da muka tara zai ƙosar da gida ɗaya a can ba. Na dai san matan da suka kawo ba rara suka kawo ba.

Yanzu ga naka aikin, kuma ka buɗe kunne. Inna ta yarda da maganar kwamiti ne bisa sharaɗi ɗaya, cewa langarta za ta Jidda. Tana cikin jakar Alhaji Musbahu tare da takardar nan, na naɗe ta da tsohon zanen Inna. A ciki akwai garin dawa da kuka da daddawa, na ƙulle daddawar a leda kan leda don kada a kori Alhaji daga jirgi. Ka ce wa Sauda ta tuƙa tuwo mai laushi ta yi miya da nama. Na ce wa Inna anya Balarabe zai iya da miyar kuka, ta ce bakinsa ba baki ba ne? Daga baya dai ta ce a rage yaji. Kai za ka ɗauka da hannunka, ba aike ba, ka shiga gidan Baban Samiru ka zauna a ƙasa, ka ce daga tsohuwarka ne a Unguwar Tudu, ta ji abin da ya same shi. Kada ka ce lokacin makoki ya wuce. Mutumin da kullum yake jiran waya daga Gaza makokinsa bai wuce ba. In ka ga dama ka ƙara da Larabcin naka mai kyau.

Ina yi maka wasa ne, amma raina ba daɗi. Inna ta tsufa ƙwarai a shekarar nan, in ta tashi daga tabarma sai ta dafa bango. Ina jin tsoro, Datti. Ba na so azumi ya kama tana fushi da kai, kuma ba na so wani abu ya faru kana nesa ba ka ji ta sa maka albarka ba. Kada ka yi mata dabara, kada ka ce ka kai alhali ba ka kai ba, ka san tambayoyinta, sai ta tambaye ka launin tabarmar gidan.

Ka gaishe mini da Sauda, ka ce na gode da turaren. Ka shafa mini kan Zayyad da Mahbub, ka ce wa Zayyad Hausarsa ta fara karyewa, a gyara. Baban Badi'a yana gaishe ka, Badi'a tana tuni da abayarta. Uwaliya da Malam Baƙo da Gwaggo ta Kabo duk suna gaisuwa.

Inna ba ta ce in gaishe ka ba, ba zan yi mata ƙarya ba. Amma ranar da zan ɗauko langar, ita ta wanke ta da kanta da toka, ta goge, ta daɗe tana juya ta a hannu. Na ce kada ta damu, zan rubuta maka da manyan baƙaƙe cewa a dawo da ita da murfinta ta hannun Alhaji bayan sallah. Sai ta girgiza kai.

"Kada ki rubuta haka. Ba ki ga abin da yaran nan suke miƙawa ba? Robar fenti. In an buɗe hanya Baban Samiru zai je ganin wanda ya rage masa, kuma gidan da ya rushe ba kwano a cikinsa. Ki ce ya riƙe, har murfin."

Sannan ta ce ranar da ka kai, ka kira ta, za ka same ta ba ta alwala.

Wassalam. Taka har kullum,
Yayarka Zinnira.