Kaset ɗin da ya yi kuka a shinge

Yamai, 4 ga Maris 2003

Zuwa ga aminina Na'Allah, a Bonkuku.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kai da mai ɗakinka Dijatu kuna lafiya. Shekara goma sha shida ban rubuto ba, kuma ba ni da hujja.

Akwai wata ƙungiya a nan ta masu sha'awar ordinatar, wato kwamfuta, sun ce in ba su labarin injin da na fara taɓawa. Sai na tuna da wanda Baturen lekol ɗin da muke koyarwa a Filinge ya bar mana, muna jona shi da talabijin. Cikin harsunan ba injin umarni, kai Logo ce masoyiyarka, ka wuni kana lallashin kunkurunta na kan allon talabijin ya zana maka rumbu. Ni kuwa BASIC, layi goma, layi ashirin, har na zana taswirar garin duka. Yaran yanzu ba su yarda wai a kaset ɗin waƙa muke ajiye aiki ba. Ko da sauran kaset ko ɗaya a wurinka?

Naka, Kailu

Bonkuku, 22 ga Maris

Mushe Kailu, babban malami, mun gode Allah, hatsin bara ya kai mu.

Har gobe Logo ta fi. Kunkuruna in na ce mishi dama, dama yaka yi. BASIC ɗinka kuwa GOTO nan, GOTO can, kamar akuyar da ta ɓace ran kasuwa.

Zancen kaset, ka san inda na ƙarshe ya tafi. Kai ka ba ni shi in kai Yamai a kwafa, ka rubuta "Plan Filingué" a jikinshi, wato taswirar Filinge. Sojojin shingen bincike na hanya sunka sa shi a rediyo, sunka ji ƙugi da tsuwa, sunka ce saƙon asiri ne na masu juyin mulki. Wata bakwai na yi a tsare, aikin koyarwa ya tafi.

Dijatu na gaishe ka ƙwarai. Ita har yau cewa take, a cikin abokaina kai kaɗai ka taka ƙafa ka je wurin sojojin ka yi magana a kaina. Ɗanmu na fari sunanka ta sa mishi.

Ka huta lafiya.
Na'Allah

Yamai, 9 ga Afrilu

Na'Allah, ina gaisuwa.

Wasiƙarka ta kwana goma a aljihuna. Ban yi wa ƙungiyar jawabin ba, na ce musu ba ni da lafiya.

Ba ni na kai kaina ba, kirana aka yi, don ka gaya musu ni na san injin. Kumandan sojojin ya ajiye kaset ɗin a kan tebur ya ce, "Mushe, ka san wannan?" Minti biyar ya isa in jona injin su ga titunan Filinge da kasuwa, su yi dariya su sake ka. Amma takardar tafiyata karatu Faransa tana jiran sa hannu, kuma na ji tsoron taswira ta ƙara ɓata maganar. Na dubi rubutun hannuna na ce ban taɓa ganinsa ba.

Da na fito na tarar da Dijatu a bakin ƙofa, ta zo da fura. Na ce mata na yi iya ƙoƙarina. Ta durƙusa ta yi mini godiya, ni kuma na tsaya na karɓa.

Duk abin da na zama, a kan wata bakwai ɗinka na gina shi. Kunya ta hana ni zuwa. Ina roƙon gafara, in da hali.

Wanda bai cancanci sunan amini ba,
Kailu

Bonkuku, 20 ga Afrilu

Kailu, salamu alaikum.

Bangon biron Kumandan, ofishin nan nashi, bai kai rufi ba. Ina zaune bayanshi da ankwa, na ji muryarka sarai. Nawa na yafe tun ina ciki, don da ni ne ma ban san abin da zan ce ba.

Dijatu ce ba ta sani ba, kuma ba ni za ni gaya mata ba. Motar Yamai na isowa kafin azahar. Ka taho ka faɗa mata da bakinka.

Sai mun gan ka.
Na'Allah