Zuwa Ga Yaya Idi, A Shafin Da Na Ga Hotonsa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga yayana Idi, wanda a wannan shafi ake kira Idrissa. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan wasiƙa za ta same ka cikin ƙoshin lafiya a duk ƙasar da kake. Ni ce Rakiya, ƙanwarka. Ina rubuto maka daga Birnin Konni, daga gidan intanet ɗin da muke ce wa siber, nan kusa da tasha.

Na san inda nake rubutu. Wannan shafi na ma'aikata ne, inda kowa ke jera karatunsa da wuraren da ya yi aiki, wasu na neman aiki, wasu na neman ma'aikata. Ba don kuka aka buɗe shi ba. Na kuma san ba kai kaɗai za ka karanta ba. Abokan aikina za su gani, shugabana ma zai gani. Su yi mini haƙuri. A duk duniya, nan ne kaɗai na ga fuskarka tun ranar da ka bar gida.

Ba nemanka ne ya kawo ni nan ba. Ina aikin sakatariya a buro, wato ofishin wani porje, shirin tallafa wa manoman albasa, kuma porjen ya kusa ƙarewa. Wata abokiyar aikina ta ce in buɗe shafi a nan ko Allah zai sa in samu wani wurin. Da na gama cika nawa, sai na rubuta sunanka a wurin bincike, kamar yadda na saba tambayar duk direban da ya fito daga Kwatano ko Legas. Ban sa rai da komai ba. Hoton ya riƙa buɗewa a hankali daga sama, saboda layin siber ɗin ba shi da ƙarfi. Goshinka ya fara fitowa, da tabon nan da ka samu lokacin da jakin Baba ya kayar da kai. Kafin idanunka su fito na riga na tashi tsaye.

An rubuta kana aikin haƙar rijiyoyi a wani kamfani a Duwala. Na aika maka gayyata. Na aika saƙo na sirri, na sake aikawa, har na daina ƙirgawa. Kullum in an tashi daga buro sai in hau kabu-kabu in zo in duba, wani lokaci in tarar an ɗauke wuta, in zauna a benci in jira. Gayyatar tana nan yadda na bar ta.

Shi ya sa bayan sallar layya na rubuta ɗan gajeren saƙo a fili, na ce duk wanda ya san ka ya gaya maka mahaifiyarka na nemanka. Wani mutum da ban sani ba ya amsa cewa nan ba wurin shanya al'amuran gida ba ne. Washegari shugabana ya kira ni ofishinsa. Bai yi mini faɗa ba, mutumin kirki ne. Cewa ya yi, "Rakiya, masu ba mu tallafi suna duba shafukanmu. Ki cire." Na cire, domin da wannan aikin nake saya wa Inna magani. Akwai kuma wani wuri a Yamai da suka yi alkawarin kirana ganawa, tun lokacin ban sake ji daga gare su ba. Ban sani ba ko saƙon ne sanadi. Wannan karon dai ba zan cire ba, ko me zai biyo baya.

Yaya, kai ne ka sa ni a lakwal. Baba ya rasu, mutane suka ce a bar ni gida in taya Inna aikin lambu, ka ce a'a. Kana ɗaukata a bayan kekenka daga gidanmu na Badaguishiri, ka tsaya a bakin lambuna ka wanke mini ƙafa da ruwan rijiya don kada in shiga aji da taɓo. Kana yawan ce mini, "Ki iya rubutu, wata rana ke za ki yi mana magana." To ga shi ina yi, kuma kai nake yi wa.

Ina tuna yadda kake son rijiya tun kana yaro. In muka wuce wata sai ka leƙa, ka jefa tsakuwa, ka kasa kunne. Ranar da ka dawo da takardar gama karatunka na aikin ruwa, Inna ta yanka zakaran da take tattali, ta ce yau gidan nan ya haifi mai shayar da mutane.

Dole in taɓo abin da ba ka son a taɓo, kuma a gaban mutane. Ka yafe mini.

Kai ka ɗauki Laminu ɗan Kawu Illa aiki, saboda damina ba ta yi kyau ba a shekarar, ga shi da mata da jariri. Kuna haƙa rijiya a wani ƙauye kusa da Bazaga, ƙasa ta rufta da shi yana ciki. Waɗanda ke wurin sun gaya mana da hannunka ka riƙa tonon ƙasar har faratanka suka fita, kuma kai ka fito da shi. Jandarma sun yi bincikensu, suka ce ba sakacinka ba ne, suka sallame ka.

Amma a wurin zaman makoki, Kawu ya dube ka a gaban jama'a ya ce, "Kai ka kira shi, kai ka binne shi." Ina cikin gida tare da mata, amma na ji, kowa ya ji. Bayan addu'ar bakwai ka ce wa Inna za ka Konni ka dawo. Ta ba ka saƙon sabulu da gishiri. Damina nawa ke nan, Yaya?

Ga abin da ba ka sani ba. Bara, bayan girbi, Kawu ya zo gidanmu da ƙafarsa, yana dogara sanda, don ciwo ya riga ya ci shi. Ya zauna a ƙofar ɗakin Inna. Sannan ya ce, "Ku gaya ma Idi baƙin ciki ne ya yi magana ran nan, ba ni ba. Ban riƙe shi da komi ba. Shi ma shi yahe mini." Ya yi kuka, Inna ta yi kuka. Ya so ya faɗa maka da bakinsa, ya yi ta tambaya ko an ji ɗuriyarka. Allah ya yi masa rasuwa kafin azumi. Ni aka bar wa saƙon, kuma ya yi mini nauyi. Ba ni da inda zan sauke shi sai nan.

Yanzu maganar Inna.

Idanunta sun fara dushewa tun kana nan, ka sani. Mun ɗauka yanar ido ce, za a cire ta warke. Na kai ta Tawa, likita ya duba ya ce jijiyar idon ce ke mutuwa, abin da ya tafi ba zai dawo ba, magani sai dai ya jinkirta sauran. A mota muna dawowa ba ta yi maganar kanta ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "To Idi shi yi sauri."

Ranar da na ga hotonka na sa aka buga mini shi a takarda, na kama motar Badaguishiri. Na same ta tana tsintar wake a tsakar gida. Ta fita da takardar cikin rana, ta kawo ta dab da idon dama, wanda shi ya rage mata, tana karkatar da kai. Ta daɗe a haka. Sai ta ce, "Wa ya ɗaure mishi wuya da wanga tsumma? Shina cin abinci kuwa?" Ta yi dariya, ni ma na yi, daga nan muka kasa ci gaba. Duk wadda ta shigo gidan sai ta nuna mata, ta ce ɗanta yana raye, ga shi an gan shi cikin inji.

Ban gaya mata sauran ba. Kafin in cire saƙon nan da na rubuta a fili, wani bawan Allah da ya yi aiki tare da kai ya rubuto mini. Ya ce ka daɗe da barin kamfanin. Ya ce ba ka da abokin hira, in an tashi aiki ɗakinka kake shiga, kuma duk rijiyar da ake haƙawa ba ka yarda wani ya riga ka sauka. Ganinsa na ƙarshe da kai a masallacin Juma'a ne, ka rame, kuka gaisa ka wuce. Bai san inda ka nufa ba. Don haka ban ma sani ba ko kana buɗe wannan shafi. Wataƙila da hoto kawai nake magana. Wani lokaci ina zaune a buro sai in ce a raina ko dai an riga an yi maka sutura a wata ƙasa, a hannun mutanen da ba su san sunan garinmu ba. Sai in tashi in shiga bayan gida in wanke fuska in dawo kan aiki.

In wani cikin masu karantawa ya san inda kake, ina roƙonsa don girman Allah ya kai maka wannan magana, ko da baki ne. Ba sai ya gaya mini inda kake ba in ba ka so.

Makon jiya na je gida. Na yi sallama, Inna ta amsa, ta juyo da fuska wajen da ba nan nake tsaye ba. Idon daman ma ya tafi, Yaya. Ba ka yi sauri ba. Ba don in ɗora maka laifi na faɗa ba, ka ɗauki wanda ya ishe ka. Na faɗa ne don ka san abin da ya rage. Jikinta ma ya yi rauni, ba ta iya zuwa lambu, abinci kaɗan take ci. Ta ce in rubuta maka cewa ba ta fushi, ba ta taɓa yi ba, kuma ɗakinka ana share shi.

Ba kuɗi muke nema ba. Ba na ma cewa ka dawo, in ƙafarka ba za ta iya taka garin ba tukuna. Lambar salulata tana saman shafina. Duk ranar kasuwar Badaguishiri ina gida, zan zauna kusa da ita da wayar a hannuna tun safe har la'asar. Ka kira. In ka ji ba za ka iya magana ba, kada ka kashe. Ka yi shiru kawai, zan kara mata a kunne. Ita ta haife ka, za ta gane numfashinka.

Ya Allah, Kai ka san inda yayana yake. In yana raye, Ka sanyaya masa zuciya, Ka sauke masa abin da ya ɗauka, Ka sa wannan magana ta kai gare shi tun Inna tana da kunnen ji. In kuwa ya riga mu, Ka jiƙansa, Ka haɗa shi da Baba da Laminu da Kawu cikin rahamarKa, Ka kuma aiko mana wanda zai gaya mana, mu yi masa addu'ar da ta dace da shi. Amin.

Wassalam. Taka har kullum,
ƙanwarka Rakiya,
Birnin Konni.