Motarka da Lasifikar Sani

Yaya Bashir,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali, ya sanyin can? Muna lafiya, alhamdu lillahi.

Raina a ɓace yake. Jar motarka mai ƙofa biyu da ka bar min amana ta ƙi tashi. Na duba mai, na wanke fulogi, har na fara zargin kaina. Ashe ƙaninmu Sani ne ya fita da ita kamfen, ya yanke wayar batir ya jona lasifika! Na ɗaure wayar, na yi caji, ta tashi. Da na yi masa faɗa, wai, "Yaya, ai mun ci zaɓe."

Na ƙwace makullin. Hajiya ta ce na cika zafi. Wataƙila haka ne, amma ba zan mayar ba sai ka dawo.

A sa mu a addu'a. Ka gaida Anti da yara.

Ƙaninka Aminu,
Nassarawa GRA