Na Shiga Fili Bayan Kin Tafi

Bin Mahmud, Doha
Juma'a, 9 ga Maris, 2007

Zuwa ga Adjara, sanyin idona, ƙamshin ƙasa bayan ruwan fari, inuwar tsamiyata a garin da rana ba ta da tausayi.

Assalamu alaikum. Ya Kumasi, ya jikin Mama? Allah Ya ƙara mata sauƙi. Ni ne Ɗalhatunki, mai gadin nan na West Bay da kike wa tsiya wai ya fi ginin da yake gadi iya tsayuwa.

Adjara, yau na yi rawa!

Na san ba za ki yarda ba. Ta yaya za ki yarda? Sau uku kina gayyatata zuwa taron rawar 'yan Afirka ta Yamma da ake yi ranar Juma'a bayan la'asar a zauren nan na Gharrafa. Da na zo daga ƙarshe, bakin ƙofa na tsaya kamar an turo ni aiki. Kika fito daga tsakiyar fili cikin atamfarki ruwan ganye, kina rangaji kamar dawa a cikin iskar damina, kika miƙo mini hannu. Ni kuwa na harɗe hannuwana a ƙirji, na sunkuyar da kai. A gaban mutum arba'in na bar hannunki a sama! Kika yi murmushi, kika gyara ɗankwalinki kamar dama abin da kika ɗaga hannu ki yi ke nan. Wannan murmushin har yau yana yanka ni.

Kwana tara bayan haka aka rufe shagon kitson da kike aiki, kafil, ubangidan da ke riƙe da takardunki, ya ce khalas, aiki ya ƙare, ga Mama a kwance a gida. Ranar da jirginki ya tashi ina bakin aiki, ina buɗe wa baƙi ƙofa. Duk jirgin da ya gitta ta saman teku sai na bi shi da ido, ban san wanne ne ya ɗauke mini ke ba.

Makon jiya na haɗu da ƙawarki Wasilatu a kantin unguwa. Ita ta gaya mini abin da kika tafi da shi a zuci: wai kunyar a gan ni da ke nake ji, wai mai kitso 'yar zangon Kumasi ba ta kai in tsaya kusa da ita a bainar jama'a ba. Wayyo Adjara, zumar rayuwata! Shi ya sa wayata ba ta shiga? Wata biyar kina ɗauke da wannan dutsen? Wallahi ba kunyarki ba ce, tsoro ne. Tun ina yaro ban taɓa taka rawa ba, ko a bikin 'yan'uwana. Na ji tsoron in yi tuntuɓe a yi mini dariya a gabanki, sai na bari aka kalle ki ke da tausayi.

Shi ya sa yau na koma. Sau biyu ina juyawa daga bakin titi. Da na shiga, rigata ta jiƙe sharkaf da gumi duk da sanyin na'ura. Mudasiru, direban nan da ke koya wa sababbi, ya kama kafaɗata ya ce yalla, mu je, biyu dama, biyu hagu, in daina kallon ƙafata. Na yi hagu lokacin da kowa ya yi dama. Na taka Anti Asabe da ke rawa kusa da ni har sau biyu, ta ce takalmin gadi ba na rawa ba ne. Aka yi dariya, irin dariyar nan da na guda. Ashe ba ta da zafi! Ashe wannan ɗan abin ne na rasa ki saboda shi!

Sai aka saka kiɗan nan mai kakaki da kike so. Ƙafafuna suka fara kama shi, a karon farko jikina ya saki. Na waiga don in nuna miki. Kusa da taga, inda kika saba tsayawa, kujerun roba ne a jibge. Nan hawaye suka ƙwace mini. Anti Asabe ta matso, ta ci gaba da ƙirga mini taku a hankali har kiɗan ya ƙare.

Tauraruwata, Mudasiru zai je hutu Kumasi jibi, shi zai ba ki wannan takarda hannu da hannu. Nawa hutun a watan Sha'aban ne. Na riga na yi magana da Baffana a Zariya, ya yarda mu zo tare wajen manyanki, in har kin ba da izini. Ban ce ki yafe mini yau ba. Kalma ɗaya kawai nake roƙo, ki ba Mudasiru ya taho mini da ita. In "zo" ce, zan zo. In "a'a" ce, ki rubuta ta da hannunki, zan ninke ta in ajiye a aljihun ƙirjina, don ko ita daga gare ki ta fito.

Naki a yau, naki ranar da furfura ta rufe kaina,
Ɗalhatu Dogara